Yankan da ke ƙarƙashin naɗin wuya: yadda aka gano abin da ya kashe Ramsis na Uku

A gidan tarihin kayan Misira da ke birnin Turin a Italiya akwai wata doguwar takardar fafirus, wato takardar da mutanen Misira na dā ke yi da wata ciyawar bakin kogi, mai ɗauke da hukuncin wata shari'a da aka yi fiye da shekara 3,000 da suka wuce. Waɗanda aka gurfanar mutanen fada ne, laifinsu kuwa ƙulla makircin kashe sarki Ramsis na Uku. Takardar ta jera sunayensu, ta faɗi abin da kowa ya aikata da hukuncin da ya hau kansa. Abu ɗaya ta bari a rufe, shi ne kuma babba: sun kashe sarkin ne, ko ya tsira?

Gawar sarkin tana hannun masana tun 1881. An warware ta, an auna ta, an ɗauke ta hoton eksire, ba wanda ya ga rauni. Sai a watan Disamba na 2012 wata tawaga ƙarƙashin Zahi Hawass da Albert Zink ta buga sakamakon bincikenta a mujallar likitoci ta BMJ, inda ta nuna cewa an yanka sarkin har wuƙa ta taɓa ƙashi. Jaridu sun ɗauki labarin a dunƙule: an yanka uba, an gano gawar ɗan da ya ci amanarsa. Amma hujjojin da aka haɗa ba ƙarfinsu ɗaya ba. Akwai wadda take tsaye da ƙafafunta, akwai wadda sai an tallafe ta, kuma ya kamata a rarrabe su.

Sarkin da takardar shari'a

Ramsis na Uku shi ne sarki na biyu a daula ta 20, ya yi mulki daga wajen 1186 zuwa 1155 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Kada a haɗa shi da Ramsis na Biyu, wanda ya fi shi suna. Ba ɗansa ba ne, mahaifinsa Setnakht ne, sunan da salon gini kawai ya kwaikwaya. A bangon haikalinsa na Medinet Habu, yamma da Luksor, an zana yaƙe-yaƙensa da mutanen Libiya a shekara ta 5 da ta 11 ta mulkinsa, da yaƙin da ya yi da maharan teku a shekara ta 8. Ƙarshen mulkin bai yi daɗi ba. A shekara ta 29 ma'aikatan da ke haƙa kaburburan sarakuna, mazauna ƙauyen Deir el-Medina, suka ajiye aiki saboda hatsin albashinsu ya makara. Shekara uku bayan haka sarki ya mutu.

Bisa ga takardar Turin, uwar makircin wata matar sarki ce mai suna Tiye, ɗanta kuma shi ne wanda takardar ta kira Pentawer. Abin da ake fahimta shi ne so take a ɗora shi a kan karaga maimakon magajin da aka tsayar. Ta samu hannu a cikin gida da waje: shugaban ɗakin ajiya Pebekkamen, wanda ya riƙa fitar da saƙon matan cikin gida zuwa ga iyayensu da 'yan'uwansu cewa su tara jama'a, da masu hidimar sarki, da magatakarda, da wani janar, da shugaban maharba na ƙasar Kush wanda 'yar'uwarsa ke cikin gidan sarki. Wasu takardu biyu, da ake kira Rollin da Lee, sun ƙara da batun sihiri, wato rubuce-rubuce da gumakan kakin zuma da aka yi don a kashe wa masu gadi jiki. An hukunta fiye da mutum 30. Wasu an kashe su, wasu an bar su su kashe kansu, cikinsu har da Pentawer. Har cikin waɗanda aka damƙa wa shari'ar an samu waɗanda suka zauna shan giya da matan da ake tuhuma, aka yanke musu hanci da kunnuwa. Sunayen da yawa ma ba na gaskiya ba ne, an juya su ne su zama zagi: Mesedsure na nufin "Ra ya ƙi shi", Ra kuwa abin bautarsu ne na rana. Pentawer kansa takardar ta ce yana da wani sunan, ba ta faɗe shi ba.

Inda rikicin masana ya taso shi ne a farkon takardar, domin sarkin ne da kansa yake magana, yana naɗa alƙalai, yana gargaɗinsu kada su hukunta wanda bai yi laifi ba. Masanin tarihin Misira James Henry Breasted ya ɗauka cewa sarkin ya rayu har ya kafa kotun. A 1937 Adriaan de Buck ya ce a'a, magajinsa Ramsis na Huɗu ne ya sa aka rubuta, aka sanya magana a bakin mamaci, tun da sarkin yana faɗin cewa yana cikin sarakuna adalai a gaban abubuwan bautarsu Amun da Osiris, kuma Osiris a wurinsu shi ne mai mulkin matattu. Nassin ya karɓi fassarar biyu. Gawa ce kaɗai za ta raba gardama.

Gawar wa ce wannan?

Wannan ita ce tambayar farko a kowane irin wannan bincike, kuma ita aka fi tsallakewa. Ba a kabarinsa na Kwarin Sarakuna, wanda ake kira KV11, aka samu Ramsis na Uku ba. Ƙasa da shekara 100 bayan mutuwarsa ɓarayin kabari sun addabi yankin, saboda haka malaman addinin daula ta 21 suka kwashe gawawwakin sarakuna, suka sake naɗe su, daga baya aka tara su a wani rami a Deir el-Bahari. 'Yan gidan Abdurrasul ne suka fara gano ramin suna sayar da kayan a ɓoye, har hukuma ta kwashe komai zuwa Alƙahira a watan Yuli na 1881. Gawar Ramsis na Uku a cikin ƙaton akwatin sarauniya Ahmose-Nefertari aka same ta.

Abin da ya ba ta suna shi ne rubutun da ke kan ƙyallen naɗinta, wanda ya ce babban malami Pinujem ya ba da umarni a sake gyara gawar sarkin, ya kuma ambaci magatakarda Butehamun cikin waɗanda aka ɗora wa aikin. Irin wannan rubutu ba wahayi ba ne. Akwai gawawwakin daula ta 18 da masana ke shakkar sunan da aka liƙa musu, kamar wadda aka daɗe ana kira Tutmos na Ɗaya, domin shekarun da ƙasusuwan suka nuna ba su dace da tarihin mai sunan ba. A nan jiki da tarihi sun yi daidai. Hoto ya nuna dattijo da ya haura 60, abin da ake sa rai ga wanda ya yi shekara 31 yana sarauta. Binciken Sahar Saleem da Hawass na 2014 ya same shi da cutar da ke sa jijiyoyin gefen ƙashin baya su daskare su zama ƙashi, cutar da aka fi gani a manyan mutane masu jiki. Sun ga irinta a Amenhotep na Uku da Ramsis na Biyu da Merneptah.

Abin da ya hana a gani

Gaston Maspero, shugaban hukumar kayan tarihin Misira a lokacin, ya warware gawar ranar 1 ga Yuni 1886 a gidan tarihi na Bulak. Fuskar tana lulluɓe da baƙin ƙaro mai kauri, sai da aka sassaƙe shi. A wuya kuwa akwai naɗin lilin ninki bisa ninki, ya sha ƙaro ya daskare, aka bar shi yadda yake. Grafton Elliot Smith, likitan da ya bi gawawwakin sarakunan ɗaya bayan ɗaya ya wallafa bayaninsu a 1912, shi ma bai shiga ƙarƙashin naɗin ba.

Daga ƙarshen shekarun 1960 tawagar Jami'ar Michigan ta ɗauki gawawwakin hoton eksire. Dalili biyu suka sa raunin ya kuɓuce musu. Jagoransu James Harris likitan haƙori ne, abin da yake nema shi ne siffar ƙoƙon kai da muƙamuƙi don gane dangantaka. Sannan eksire na yau da kullum inuwa guda yake bayarwa: haɓa da naɗi da ƙaro da ƙashin wuya duk a kan juna suke faɗowa, busasshen nama kuma kusan ba ya yin inuwa. Yankan da ya bi ta nama ya ɗan taɓa ƙashi kawai ba zai fito a irin wannan hoto ba.

Na'urar CT ta warware wannan. Bututun eksire yana zagaya jikin, kwamfuta tana lissafa yawan hasken da kowane ɗigo na jiki ya tare, ta fitar da hoto yanki-yanki, kowane yanki kaurinsa wajen milimita ɗaya ko ƙasa da haka. Kowane ɗigo yana samun lamba a ma'aunin Hounsfield: iska −1000, ruwa 0, ƙashi mai tauri 1000 ko fiye. Da wannan ake raba lilin, wanda ke cike da iska, da ƙaro, da dutse, da ƙashi. Na'urar da Misira ta yi wannan aiki da ita ƙirar Siemens ce da aka girka a cikin tirela, kyautar kamfanin da ƙungiyar National Geographic, kuma da ita aka ɗauki hoton gawar sarki Tutankhamun a Janairun 2005. Tana da nata matsalolin. A jikin mai rai ruwa da kitse ne ke bambanta gaɓoɓi, a busasshiyar gawa sun tafi, sai jijiya da tsoka da fata su yi kama da juna, wani lokaci ma su yi kama da ƙaro. Layun ƙarfe da zinariya suna watsa layuka masu haske da ke rufe abin da ke kusa da su. Likitan hoto da bai san yadda ake gyaran gawa a Misira ba zai ɗauki aikin masu gyara a matsayin cuta.

Wuyan

Ga abin da hoton ya nuna. Ƙasa da zakaran wuya kaɗan akwai yanka mai faɗin wajen milimita 70, a daidai gaɓar ƙashin wuya ta 5 zuwa ta 7. Ya raba duk naman gaban wuya: maƙogwaro hanyar iska, maƙoshi hanyar abinci, da manyan jijiyoyin jini. Bakin maƙogwaro na sama da na ƙasa sun ja da baya, tsakaninsu ya kai wajen milimita 30. A fuskar gaɓa ta 7 akwai ɗan tsagi inda kaifin ya tsaya. A gefen raunin na dama, daga ƙasa, an cusa wani abu mai faɗin wajen milimita 15 wanda lambarsa ta nuna dutse ne, da aka sake gina siffarsa a kwamfuta sai ga layar idon Horus, ɗaya daga cikin abubuwan bautarsu.

Wanda aka yi wa irin wannan yanka hankalinsa yana gushewa cikin daƙiƙoƙi, ransa ya fita cikin 'yan mintoci. Idan da rai aka yi masa, babu zancen ya zauna ya naɗa alƙalai.

Yaushe aka yi yankan?

Nan aikin yake. Ganin rauni a gawar da ta shekara 3,000 ba abin mamaki ba ne, kusan duk gawawwakin sarakunan nan a farfashe suke. Ɓarayi sun sare hannuwa don cire mundaye, sun fasa ƙirji don neman layu. Malaman daula ta 21 sun yi faci. Masu warwarewa na ƙarni na 19 da na 20 sun ƙara nasu ɓarnar. Saboda haka kowane rauni yana da lokuta huɗu da zai iya faruwa: kafin mutuwa, a wurin masu gyaran gawa, a hannun ɓarayi, ko a hannun masana. Sai an kawar da uku kafin a tsaya a kan ɗaya.

Tutankhamun ya isa darasi a nan. Hoton eksire da R. G. Harrison na Jami'ar Liverpool ya ɗauka a 1968 ya nuna ɓarɓashin ƙashi a cikin ƙoƙon kansa, aka shekara fiye da 30 ana cewa dukansa aka yi a ƙeya. Da aka yi CT a 2005 sai aka ga gutsattsarin a sake suke, suna yawo. Masu gyaran gawa sun zuba narkakken ƙaro a cikin kan, da ƙashin ya karye kafin nan da ƙaron ya kama shi ya daskare da shi. Tun da bai kama ba, karayar ta zo ne bayan ƙaron ya bushe. Ƙa'idar da ake aiki da ita ke nan: abin da ƙaro ya shiga ko ya rufe ya riga ƙaro, abin da ya fasa ƙaro ya biyo bayansa.

A gwada wuyan Ramsis da wannan ma'auni. Masana na zamani sun fita, domin naɗin wuyan lafiya lau yake a 1886 kuma ba a taɓa cire shi ba. Ɓarayi sun fita, domin busasshiyar gawa ba ta yankuwa haka. Naman da ya sha kanwa da ƙaro karyewa yake yi ya marmashe, maƙogwaron da ya bushe kuma ba ya ja da baya, wannan halin ɗanyen nama ne mai sauran tsamuka. Kayan gyaran gawa ma sun tsiyaya cikin raunin, wato a buɗe yake lokacin da ake aikin.

Saura masu gyaran gawa, kuma su ne ba a iya kawarwa da hoto kaɗai, domin gawar kwana ɗaya ko biyu namanta ɗanye ne. Nan sai an koma ga sanin sana'arsu. Aikin kwana 70 ne. Ana fasa siririn ƙashin da ke saman hanci a fitar da ƙwaƙwalwa, a tsaga gefen ciki na hagu a ciro hanta da huhu da tumbi da hanji, a bar zuciya. Sai a binne jikin wajen kwana 40 a cikin kanwar Wadi Natrun, 'yar'uwar wadda ake haƙowa a Manga da gefen Tafkin Chadi, ta tsotse ruwan. Daga nan cushe da shafe da naɗi. Babu matakin da ke bukatar a raba maƙogwaro, kuma masu binciken sun ce ba a taɓa bayyana irin wannan yanka a wata gawar Misira ba. Dukan manufar sana'ar ita ce a kai jiki lahira a cike. Mutanen da ke sa wa gawa gaɓar ƙarya idan ta rasa tata ba za su yanka wuyan sarki don sauƙin aiki ba.

Layar ta ƙara nauyi. A tatsuniyar addininsu an ƙwaƙule idon Horus a faɗa, aka mayar masa da shi lafiya, shi ya sa siffar idon ta zama layar warkarwa. A wasu gawawwakin sarauta ana ɗora faranti mai wannan ido a kan tsagar cikin da masu gyara suka yi. Mai gardama zai ce to ai wannan na nuna suna rufe yankan hannunsu da ita. Gaskiya ne, layar ita kaɗai ba ta faɗi wanda ya yi yankan ba. Abin da ta tabbatar shi ne masu gyaran sun ga raunin, sun ɗauke shi abin da ke bukatar magani. Idan aka haɗa ta da wurin raunin, da zurfinsa, da takardar da ta ce an ƙulla kisa a daidai ƙarshen mulkin mutumin nan, bayani mafi sauƙi shi ne an yanka shi da rai. De Buck ne ya yi daidai.

Yatsan ƙafa

A 2016 Saleem da Hawass suka ƙara wani abu bayan sun sake duba hotunan jikin gaba ɗaya. Babban yatsan ƙafar hagu a sare yake. Bakin ƙashin a kaifafe, babu alamar warkewa, masu gyaran gawa kuma sun naɗa lilin da ƙaro sun yi masa madadi, sun sa layu a wajen ƙafafun. Naɗin ya yi kauri har masu warwarewa na 1886 suka bar shi. Siffar saran ta makami mai nauyi ce irin gatari, ba ta siririyar wuƙar da ta yi aikin wuya ba. Daga nan suka ce maharan sun fi ɗaya, wani ta gaba da gatari, wani ta baya da wuƙa.

Makami biyu hujja ce mai kyau. Amma rashin warkewa yana da iyaka: ƙashi ba ya nuna alamar gyaruwa sai bayan mako guda ko biyu, saboda haka abin da ake iya cewa shi ne saran ya faru dab da mutuwa, ko kafinta da kwanaki kaɗan ko bayanta da kaɗan. Wanda ya tsaya a gaba da wanda ya zagayo ta baya, da wanda ya fara, wannan zane ne mai ma'ana da aka ɗora a kan hujja, na'ura ba ta nuna shi ba.

Saurayin da ba shi da suna

A ramin Deir el-Bahari akwai wani akwatin katakon al'ul da aka shafa wa farin fenti, babu rubutu ko ɗaya a jikinsa. Masana suna kiran wanda ke ciki Mutumin da Ba a Sani Ba mai lamba E. Da aka buɗe shi a 1886 an same shi lulluɓe da fatar akuya ko ta tunkiya, da 'yan kunne na zinariya, kansa a karkace, bakinsa a wangame. Likita Daniel Fouquet, wanda ya duba shi, ya ce guba ce ta kashe shi, wasu suka ce da rai aka binne shi, daga baya aka laƙaba masa "gawa mai ihu".

A fara ajiye batun ihun. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan mamaci ya san dalilin da ya sa ake ɗaure haɓa da ƙyalle tun jiki bai sandare ba: tsokar muƙamuƙi tana saki, baki ya buɗe. Gawar da ba a ɗaure ba, kanta kuma ya faɗa baya, haka za ta bushe. Buɗaɗɗen baki shaida ce a kan yadda aka yi da gawar, ba a kan yadda mai ita ya mutu ba.

Yadda aka yi da ita kuwa abin lura ne. CT ya nuna ƙashin saman hanci lafiya, ƙwaƙwalwa tana ciki, babu tsaga a gefen ciki, kayan ciki suna nan. An dai zuba masa kanwa ya bushe. Fatar dabbar ma ba ƙaramin abu ba ce, domin a tsohon labarin Sinuhe ana ambaton binne mutum cikin fatar rago a matsayin jana'izar baƙi wadda ɗan Misira ke gudu. Ga kuma katakon al'ul, wanda daga Lebanon ake kawo shi da tsada, ga zinariya a kunne. Mutum ne mai gata da aka hana shi cikakkiyar jana'iza.

Shekarunsa an ƙiyasta su daga kan dogayen ƙasusuwa. Yaro yana tsawo ne ta wani faifan guringuntsi da ke kusa da ƙarshen ƙashi, kuma kowane faifai yana da lokacin da yake rufewa. Nasa ba su gama haɗewa ba, aka sa shi tsakanin 18 da 20. A wuyansa akwai tattarar fata kamar an matse, ƙirjinsa kuma a kumbure. Wannan ya sa ake cewa shaƙe shi aka yi ko rataye kansa ya yi. Masu binciken da kansu sun ja birki a nan: ba su ga karaya a guringuntsin maƙogwaro ba, kuma gawar da aka bar wa kayan ciki tana ruɓewa ta cika da iska kafin kanwa ta ci ƙarfinta, wanda shi kaɗai ya isa ya kumbura ƙirji. Sun ce ba a iya yanke hukunci kan abin da ya kashe shi. Rahotanni da yawa sun yar da wannan jimlar.

Abin da DNA ya ce da abin da bai ce ba

An ɗebi ɗan ƙashi daga cikin gawawwakin biyu, aka yi gwaji iri biyu, irin wanda ake yi a shari'ar tantance uba. Na farko a kan kuromosom Y, wato ƙunshin ƙwayoyin gado (DNA) na maza, wanda ɗa ke gada daga uba kusan ba canji: an nemi alamomi 16, waɗanda aka karanta duk sun zo iri ɗaya. Na biyu a kan wurare 8 na sauran kuromosom, inda kowane mutum ke da kwafi biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. A kowane wuri mutanen biyu sun yi tarayya a kwafi ɗaya aƙalla, yadda ake gani tsakanin uba da ɗa.

Masanan tsohon DNA da dama ba su gamsu da wannan hanya ba, tun daga aikin da tawagar ta yi kan dangin Tutankhamun a 2010. Dalilinsu na aiki ne. Zafi yana gutsuttsura DNA, kaburburan Luksor kuma da ɗumi suke, abin da ya saura yawanci guntaye ne da ba su kai harafi 100 ba, a jerin haruffa huɗu (A, C, G, T) da ake karanta DNA da su. Hanyar PCR ta kwafar DNA da aka yi amfani da ita tana ninka duk abin da ta samu, kuma ta fi son dogon zare mai lafiya, wato na mutumin zamani da ya taɓa gawar ko ya yi numfashi a kanta. Gawawwakin nan sun fi shekara 100 suna wucewa ta hannun maza. Y iri ɗaya a samfuri biyu shi ne ainihin abin da gurɓata daga namiji guda za ta haifar. Abin da ke kare sakamakon shi ne gwaji na biyu, domin da mutum guda ne ya gurɓata su da wuraren 8 sun zo iri ɗaya gaba ɗaya, ba rabi ba. Hanyar da ta fi inganci yanzu ita ce a karanta miliyoyin guntaye kai tsaye a duba tabon tsufa a bakinsu, inda harafin C ke rikiɗa ya fito kamar T. Da ita tawagar Verena Schuenemann da Johannes Krause ta yi aiki a 2017 a kan gawawwakin Abusir el-Melek, kuma a cikin 151 da suka gwada, uku kacal suka ba da isasshen DNA na dukan jiki.

Wani abu daga rahoton 2012 ya yi yawo sosai a nahiyarmu: cewa Ramsis na Uku yana cikin reshen Y, wato zuriya ta wajen uba, mai suna E1b1a, wanda ya yawaita a Afirka ta Yamma. Manhajar kwamfuta ce ta yi hasashen reshen daga waɗancan alamomi, ba a gwada ainihin canjin da ke tabbatar da reshe ba. Ko ya tabbata, layin kaka ɗaya ne daga cikin dubbai, ba ya faɗin launin mutum ko harshensa ko ƙabilarsa.

A ɗauka sakamakon daidai ne, saurayin ɗan Ramsis na Uku ne. Wane ɗan? Sarkin yana da 'ya'ya maza da yawa. Uku sun yi sarauta, Ramsis na Huɗu da na Shida da na Takwas, wasu kuma an haƙa musu kaburbura a Kwarin Sarauniyoyi, kamar Amunherkhepeshef da Khaemwaset. DNA ba ya ɗauke da suna. Abin da ke nuna Pentawer shi ne jana'izar wulaƙanci da aka yi wa ɗan sarki, kuma shi ne ɗan sarkin da takarda ta ce an yanke wa hukunci. Zato ne mai ƙarfi, wanda masanin gawawwakin Misira Bob Brier ya kawo tun kafin a yi gwajin, amma darajarsa ba ta kai ta yankan wuya ba. Tiye da za a gwada da ita, takardar da ta tsira ba ta ma faɗi hukuncinta ba, kuma babu gawar da aka sani da sunanta.

Akwai gwajin da zai rage tazarar. Gawar Ramsis na Huɗu tana nan, an same ta a 1898 a kabarin Amenhotep na Biyu, kuma tana cikin gawawwaki 22 da aka kai sabon gidan tarihi na Fustat tare da ta mahaifinsa a watan Afrilu na 2021. Wani nau'in DNA da ake kira na mitokondiriya ta wurin uwa kaɗai ake gadonsa, ya kuma fi sauƙin samu a tsohon ƙashi saboda kwafinsa da yawa a kowace ƙwayar halitta. Idan na saurayin ya zo ɗaya da na Ramsis na Huɗu, alama ce ta uwa ɗaya ko iyaye mata 'yan tsatso ɗaya, zancen Pentawer ya yi rauni, tun da makircin na ɗan kishiya ne. Idan ya bambanta, saurayin ɗan wata matar ce, Tiye ko waninta.